Tarihin Mahaɗar Bango: Daga Ɗaurin Zana zuwa Fallayen Kankare

Gidan da ake ƙera sassansa a wani wuri, sannan a ɗauko su a harhaɗa a inda za a zauna, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa ko a ƙasar Mosi. Kakanninmu sun yi shi da ciyawa da kara, Turawa sun yi shi da katako da ƙarfe, daga baya duniya ta yi shi da kankare. A duk waɗannan zamunna, falle ɗaya na bango bai cika ba da kunya ba. Inda ake samun matsala shi ne mahaɗa: wurin da falle ya sadu da falle, bango ya sadu da harsashi, rufi ya sadu da bango. Ƙa'idojin da injiniyoyi ke bi a yau wajen auna ƙarfin mahaɗa suna da tarihi mai tsawo, kuma da yawansu sai da aka rasa rayuka kafin a rubuta su.

Kafin 1896: zana, jinka da azara

Tun ƙarnonin da ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ratsa ƙasar Mosi. Inda ayari ya yada zango, nan take ake kafa bukkoki. Waɗanda suka zauna ba su koma ba, su ne suka kafa unguwannin Hausawa a garuruwan da ke kan hanya. A Wagadugu, tsohuwar unguwarsu ita ce Zangouettin, a tsakiyar gari. Daga yamma kuma akwai Gounghin, mazaunin Gounga Naaba, ɗaya daga cikin manyan fadawan Mogho Naaba, sarkin Mosi, wanda sha'anin dakarun ƙasa ke hannunsa.

Ginin wancan lokaci, rabinsa a ƙasa ake gama shi. Mai saƙa zai zauna a inuwa ya saƙa zana da gamba, ya naɗe ta, a kai kasuwa. Wanda ya saya zai kafa itatuwa a jere, ya jingina zanar, ya yi mata tanka ciki da waje, ya ɗaure da igiyar kaba ko ɓawon kalgo. Jinka ma haka: a ƙasa ake ɗaura tsaiko, a baibaye shi da shuci, sannan a kira maƙwabta su ɗaga shi gaba ɗaya su ɗora a kan ɗaki. Kowane magidanci ya san cewa idan iskar farkon damina ta taso, zanar da ta faɗi ba saƙarta ce ta tsinke ba. Ɗauri ne ya ruɓe, ko gara ta cinye gindin itace. Shi ya sa sabunta ɗauri kafin ruwa ya sauka ya zama aikin kowace shekara.

A birane kuwa, magina sun kai wannan ilimi wani matsayi. Azara, wadda ake faskarawa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma tazarar da za ta iya haɗawa ita kaɗai ba ta kai mita 2 ba. Domin a rufe babban soro, sai magini ya dasa azara a cikin bango, ya ɗora wata a kanta ta ɗan zarce, ya ɗaure su da igiya, ya lulluɓe da birji, ya bari ya bushe, sannan ya ƙara wata. Haka ake tafiya daga ɓangarori biyu har su gamu a sama su zama bakan gizo. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, shi ne shaida mafi girma ta wannan fasaha. Ana cewa bayan ya gama wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Wannan zance ne na baka. Abin da ke tabbace shi ne ginin da ya bari, da unguwar da ke ɗauke da sunansa a Zariya.

A wancan zamani ba a rubuta ƙa'ida a takarda. Tana hannun gwani, yana koya wa 'ya'yansa da yaransa, Sarkin Magina kuma yana sa ido. Magini da mai gida gari ɗaya suke, in soro ya rushe kowa ya san hannun wanda ya yi shi.

1841 zuwa 1919: gidaje a cikin jirgin ruwa

Juyin masana'antu a Ingila ya raba mai ƙera gida da mai zama a cikinsa. Daga shekarun 1830 kafintocin Landan suka fara yanka gidajen katako gunduwa-gunduwa, suna aikawa Ostareliya a jirgin ruwa. A 1843 wani maƙeri a birnin Liverpool, William Laycock, ya ƙera wa Sarki Eyamba na Kalaba gidan bene na ƙarfe, aka kwance shi aka aiko. A 1884 aka kafa gidan Razdan na Kalaba da sassan da aka yanko daga Birtaniya, kuma yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi. Da Lugard ya ayyana mulkin mallaka a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, irin waɗannan gidajen katako na haɗawa ne ma'aikatansa suka zauna a ciki.

Wannan ciniki ya fito da wata matsala da maginin Zariya bai san ta ba. Idan noti ya ɓace a Kalaba, wanda aka samo daga wata maƙera ba zai shiga ba, domin kowace masana'anta da irin zaren da take yankawa. A 1841 Joseph Whitworth ya gabatar da ma'auni guda na zaren noti, mai kusurwar digiri 55, kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa, daga nan ya bazu. Wannan yana cikin ƙa'idojin farko da aka rubuta game da mahaɗa, kuma dalilinsa shi ne nisa: wanda ya ƙera da wanda zai haɗa ba za su taɓa ganin juna ba, dole takarda ta tsaya a tsakaninsu.

Wagadugu ba ta ga irin waɗannan gidaje da yawa ba, saboda nisanta da teku. Sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet sun shiga garin a Satumbar 1896. Da aka kafa mulkin Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, a 1919, Gwamna Hesling ya gina ofisoshinsa da tubalin ƙasa, har Turawa suka yi wa garin laƙabi da Bancoville. Jirgin ƙasa daga Abijan bai iso ba sai 1954. Daga nan ne siminti da rodi da kwano suka fara samuwa da sauƙi, kuma a yammacin gari, wajen Gounghin, yankin masana'antu ya tsiro.

1945 zuwa 1951: gidan da ya sauka Yamai ta sama

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar miliyoyin mutane a Turai ba matsuguni, magina kuma sun yi ƙaranci. A 1948 injiniya Raymond Camus na Faransa ya yi rajistar wata dabara: a zuba bango sukutum na kankare a masana'anta, da ƙofarsa da tagarsa, a ɗauko a mota, injin ɗaga kaya ya jera. A birnin Le Havre aka fara gwadawa. A 1948 ɗin kuma aka fito da makamanciyarta a Danmak, mai suna Larsen-Nielsen.

Wani Bafaranshen, Jean Prouvé, maƙeri ne, shi ƙarfe ya zaɓa. A maƙerarsa da ke Maxéville kusa da Nancy ya ƙera gida domin ƙasashe masu zafi, da ƙarfe da alminiyam. An tsara shi yadda babu gunduwar da ta wuce mita 4 ko kilo 100, don mutum biyu su iya ɗauka. Rufinsa biyu ne, zafi yana fita ta tsakaninsu, ga baranda mai fikafikan tare rana, ga ƙananan tagogi zagayayyu masu shuɗin gilashi. A 1949 aka loda na farko a jirgin sama aka sauke a Yamai, aka ɗaure shi a kan daɓen kankare. Wasu biyu suka tafi Barazabil a 1951.

Daga ukun nan ba a ƙara ba. Gidan ya fi ginin ƙasa da na bulo tsada nesa ba kusa ba, Turawan mulki ma ba su so shi ba. Amma ƙarshen labarinsa ya nuna ingancin mahaɗarsa. A shekarar 2000 wani dillalin kayan tarihi, Éric Touchaleaume, ya saye gidajen, aka kwance su bayan shekara 50 suna shan rana da ruwa, aka mai da su Faransa. A Yunin 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a New York kan kusan dala miliyan 5. Abin da ya rage a Yamai shi ne daɓen da aka ɗora gidan a kai. Mahaɗar da aka ƙera da kyau ta jure rabin ƙarni, ta kuma kwantu ba tare da an fasa falle ba. Sai dai mutanen da aka kai wa gidan ba su ci moriyar ilimin da ke cikinsa ba, domin ba a koya wa maƙeran Yamai yin irinsa ba.

1954 zuwa 1967: zamanin sauri

A Disambar 1954 shugaban Tarayyar Sobiyet, Nikita Khrushchev, ya tara magina a Mosko ya umarce su da su bar ado su kama ginin masana'anta. Gwamnatinsa ta sayi dabarar Camus, injiniyoyinta irin su Vitaly Lagutenko suka fito da nasu samfurin, aka shiga jera benaye masu hawa 5 cikin 'yan makonni. Miliyoyin iyalai da ke cunkushe a ɗaki guda suka sami gida na kansu, da famfo da bayan gida. Dabarar ta bazu zuwa Jamus ta Gabas, Poland, Kyuba da wasu ƙasashe. Birtaniya ma ta shiga, gwamnati tana ƙara wa ƙananan hukumomi tallafi gwargwadon tsawon benen da suka gina.

Tun a shekarun farko mazauna suka fara kuka, kuma kukan nasu wuri ɗaya yake nunawa. Ruwa yana shiga ta tsakanin fallaye, sanyi yana ratsawa, bango yana yin baƙi a kusurwa, ƙarfen da aka yi wa walda a mahaɗa yana tsatsa a ɓoye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to waɗannan gidaje da tsagarsu aka haife su, tun da kowane falle yana da baki huɗu da dole a toshe. A masana'anta ana auna falle da idon basira, amma toshe mahaɗa aikin lebura ne a saman bene, cikin iska da sanyi, ana biyansa gwargwadon saurinsa. Da zarar an shafe wurin kuma, babu mai sake ganin abin da ke ciki.

16 ga Mayu, 1968: Ronan Point

A unguwar Canning Town da ke gabashin Landan aka gina wani bene mai hawa 22 da dabarar Larsen-Nielsen, aka sa masa suna Ronan Point. Asalin dabarar an tsara ta ne domin gini mai hawa 6. An gama shi a Maris na 1968. Ranar 16 ga Mayu, wajen ƙarfe 5:45 na asuba, wata mata a hawa na 18 ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi. Gas ya riga ya cika ɗakin saboda wani noti maras inganci a bututun murhunta. Fashewar ba ta yi ƙarfi sosai ba, matar ma ta rayu. Amma ta tura fallen bangon waje ya fita daga mazauninsa. Benayen sama suka rasa abin da ke riƙe da su suka rufto, nauyinsu ya danne na ƙasa, kusurwar ginin ta zube daga sama har ƙasa. Mutum 4 suka mutu, 17 suka ji rauni. Da a ce an ƙara awa ɗaya, lokacin da mutane suka fito falo, da asarar ta fi haka.

Kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Hugh Griffiths ya fitar da rahotonsa kafin ƙarshen shekarar. Abin da ya gano ya girgiza injiniyoyi: ginin bai saɓa wa dokar da ke aiki a lokacin ba. Dokar ce ba ta yi tanadi ba. Bango yana zaune a kan daɓe, daɓe yana zaune a kan bango, kuma kusan nauyi ne kaɗai ke riƙe da su. Babu isasshen ƙarfen da ya ɗinke su wuri guda, babu wata hanyar da nauyi zai bi idan falle ɗaya ya kauce. Rahoton ya nuna cewa iska mai ƙarfi ko gobara ma za su iya jawo irin wannan rushewa.

A 1970 aka yi wa dokar gini ta Ingila gyara. Daga nan, duk gini mai hawa 5 ko fiye dole a tsara shi yadda idan an cire gunduwa ɗaya, ɓarnar za ta tsaya a kusa da wurin. In kuwa gunduwar ba ta ciruwa, dole ita da mahaɗarta su jure turi na kusan tan 3.5 a kan kowace murabba'in mita. Daga nan aka wajabta rodin ɗauri da ke zagaye kowane hawa, da wanda ke ratsa shi, da wanda ke haɗa hawa da hawa.

An gyara Ronan Point mutane suka koma. Amma wani mai zanen gine-gine, Sam Webb, ya yi shekaru yana nanata cewa ginin bai da lafiya. A 1984 aka kwashe mazauna, a 1986 aka rushe shi, kuma bisa nacinsa aka kwance shi hawa-hawa don a duba kowace mahaɗa. Abin da aka tarar ya fi na rahoton farko muni. Wuraren da ya kamata a cika da kwaɓin siminti, an same su da rami, wasu an cusa musu tsofaffin jaridu da shara. Nauyin bango, wanda ya kamata ya bazu a kan kwaɓi, yana tsaye a kan notocin da aka sa don daidaita falle kawai. Har a 2017 sai da aka yanke gas a benayen Ledbury da ke kudancin Landan, bayan an gano ba a taɓa yi musu ƙarfafawar da aka umarta bayan 1968 ba.

1958 zuwa 2006: daga "sa kaza" zuwa "ya jure kaza"

Ƙa'idar gini iri biyu ce. Ta farko tana faɗin kayan da za a sa: kaurin bango kaza, rodi kaza, tazarar ƙusa kaza. Tana da sauƙin bi da sauƙin dubawa, amma ta dace ne da ginin da aka saba. Ta biyu tana faɗin abin da gini zai jure: nauyi kaza, iska kaza, wuta ta minti kaza, ruwa ba zai ratsa ba, sannan ta faɗi gwajin da za a tabbatar da haka. Tunanin tsoho ne. Dokokin Hammurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, ba su faɗi yadda za a yi gini ba, sun dai ɗora wa magini alhakin ran mai gida idan gini ya faɗa masa. Ginin masana'anta shi ya tilasta dawowa ga wannan tunani, tun da kowane kamfani da irin mahaɗarsa, ba za a iya rubuta girki ɗaya ga kowa ba.

Faransa ce ta fara. Cibiyarta ta binciken gini, CSTB, wadda aka kafa a 1947, ta soma ba sababbin dabaru takardar amincewa bayan gwaji daga 1958. Birtaniya ta kafa tata hukumar a 1966. Hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar da jerin ayyukan da ake buƙata daga mahaɗa a 1975, sannan ta fitar da ginshiƙan ƙa'idar juriya a 1984. Turai ta shigar da darasin Ronan Point cikin ƙa'idarta ta bai ɗaya a 2006.

Girgizar ƙasa ta yi wa waɗannan ƙa'idoji jarrabawa. A Bukares ranar 4 ga Maris, 1977, benayen fallayen kankare da aka ɗinke da rodi aka cika mahaɗarsu da kyau sun tsaya, tsofaffin benaye suka zube. A Armeniya ranar 7 ga Disamba, 1988, inda aƙalla mutum 25,000 suka rasu, an ga abu biyu a gari ɗaya. A Leninakan, benaye masu hawa 9 da aka haɗa ginshiƙansu da walda maras kyau akasarinsu sun rushe, masu manyan fallaye da aka ɗinke ta kowane baki kuwa suka tsira. A Amurka, guguwar Andrew ta Agustan 1992 ta kwashe rufin gidajen katako a Fulorida saboda ƙusoshin da suka kauce wa katako da rashin maɗaurin ƙarfe tsakanin rufi da bango. Daga nan aka ƙarfafa ƙa'idar cewa ɗauri ya zama sarƙa ɗaya marar yankewa, daga kwano har harsashi.

1983 zuwa 2009: Wagadugu tana neman gidaje

Juyin juya halin 4 ga Agusta, 1983 ya sa gidaje a sahun gaba. Gwamnatin Thomas Sankara ta yanka dubban filaye, ta soke kuɗin haya na shekarar 1985, ta gina rukunin gidaje irin su Cité An II da Cité An III, na biyun a kan tsohuwar unguwar Bilibambili.  Yawancin wannan aiki da bulo da tubali aka yi shi, da hannun jama'a. Amma buƙatar da ta haifi ginin masana'anta a Turai, wato gidaje masu yawa cikin ɗan lokaci, ta riga ta iso, kuma ba ta ragu ba tun daga nan.

A 2003 shirin sabunta tsakiyar gari mai suna ZACA ya rushe Zangouettin da unguwannin da ke kewaye da ita. Mutane kimanin 12,500 suka tashi, aka ba su filaye a Ouaga 2000 da Nioko. Hausawan da kakanninsu suka kafa zangon suka koma gini daga harsashi. A 2006 Burkina Faso ta kafa dokar tsara birane da gine-gine, a shekarar da Najeriya ma ta fitar da kundin ƙa'idar gini na ƙasa.

Sai ranar 1 ga Satumba, 2009. Ruwan sama na milimita 263 ya sauka a Wagadugu cikin kusan rabin yini. Mutane kimanin 150,000 abin ya shafa, gidaje fiye da 20,000 suka rushe, asibitin Yalgado Ouédraogo ya cika da ruwa. Akasarin gidajen da suka faɗi na tubalin ƙasa ne da aka ɗora kai tsaye a kan ƙasa, babu harsashin dutse ko na siminti da zai ɗaga su. Ruwa ya jiƙa gindin bango, sahun ƙasa ya narke, na sama ya biyo shi. An kai da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa Yagma, aka ba su fili da siminti da kwano. A nan ma mahaɗa ce ta ci amana, wadda ke tsakanin bango da ƙasa.

2009 zuwa yau

Wanda ya zaga Gounghin da unguwannin yammacin Wagadugu zai ga ginin haɗawa ya riga ya shigo, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Ga masu walda suna ƙera shaguna da kwantena da fallen ƙarfe. Ga katangar siminti da ake zura fallayenta a tsakanin ginshiƙai masu kwari. Ga fallaye masu soso a tsakiya da ake yin ofisoshin wurin aiki da sansanonin ma'adinai da su. Rikicin tsaron da ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu a Burkina zuwa Maris na 2023 ya ƙara buƙatar matsuguni, azuzuwa da ɗakunan shan magani da za a kafa cikin kwanaki. A ɗaga kai kuma a kalli rufin unguwa: bulo da duwatsu ne jere a kan kwano. Kowane dutse yana nuna cewa mai gidan bai amince da ƙusar da ke riƙe da rufinsa ba.

Hukumomi suna nan. Burkina tana da ɗakin gwajin gine-gine na ƙasa, LNBTP, da hukumar ma'aunai ABNORM wadda aka kafa a 2012, da makarantar injiniyoyi ta 2iE. Najeriya tana da tata hukumar ma'aunai, SON, tun 1971, da cibiyar binciken gini da hanyoyi tun 1978. Duk da haka, a Burkina, ranar 31 ga Agusta, 2021 wani gini da ake kan yi a jami'ar Kudugu ya rufta ya kashe mutum 4, ranar 30 ga Disamba, 2022 kuma wani ya rufta a filin jirgin saman Donsin ya kashe 7. Waɗannan ba ginin fallaye ba ne, amma sun nuna yadda sa ido a wurin aiki yake da rauni. Ginin fallaye kuwa ya fi kowane gini buƙatar sa ido, domin duk ƙarfinsa ya taru a 'yan wurare ƙanana da ake rufewa cikin yini ɗaya.

Ƙa'idar da za ta yi mana amfani dole ta fito daga yanayinmu. Iskar da ke gaban hadari tana ɗaga rufi sama ne, don haka a gwada mahaɗa da ja, ba da danni kaɗai ba. Fallen kankare mai mita 6 yana miƙewa kusan milimita 2 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, alminiyam kuwa yana miƙewa ninki biyu na ƙarfe, don haka dole a bar wa mahaɗa wurin motsi ba tare da ta buɗe wa ruwa ba. Robar da ake toshe tsaga da ita tana ƙonewa a ranar Afrilu, sai a san shekarun da za ta yi da yadda za a sauya ta. A yi tanadin ƙurar hunturu, da gara, da tsatsa. Notin da aka sa ya zama wanda za a samu a kasuwar gari, wanda sifanar makaniken unguwa za ta kwance. A fifita mahaɗar da za ta lanƙwashe ta ba da alama a kan wadda za ta karye farat ɗaya. Sama da duka, kada a shafe mahaɗa sai wani wanda ba yaron ɗan kwangila ba ya duba ta ya sa hannu.

Tarihin nan ya nuna cewa ginin haɗawa yana iya zama rahama ga mai neman matsuguni, kamar yadda ya zama ga miliyoyin mutane bayan yaƙi, yana kuma iya zama kabari idan aka yi sakaci da ɗauri. Saboda haka kira ga hukumomin Wagadugu, Yamai da Abuja shi ne kada su bari a sayar da wani samfurin gida sai an gwada mahaɗarsa a ɗakin gwajin ƙasa, a yanayin zafinmu da iskarmu. Kira ga magina da masu walda shi ne su ɗauki wurin da ba a gani da muhimmancin wurin da ake gani. Kai kuma mai shirin sayen irin wannan gida, kafin ka tambayi launin fenti, ka nemi a nuna maka abin da ya ɗaure bango da harsashi, da abin da ya ɗaure rufi da bango, da takardar gwajin da aka yi musu. In ba a nuna maka ba, kada ka biya.